Mutumin da Ya Ɗaga Mini Jarka

Shekarun baya, tun kafin sanƙo ya fara cin tsakiyar kaina, ni da wani abokina muka yi wata tafiya da har yau ba na son a tambaye ni labarinta. Hotunan suna nan, sun yi kyau ƙwarai, duk wanda ya gani sai ya ce lallai mun more. Yau dai na ga gara in ba ku abin da bai shiga hoto ba.

Abokin nan nawa ɗan Nijar ne, mutumin Agadas, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Da na zo karatu College Park a Amurka ban san kowa ba, shi ya tsince ni a bakin masallaci wata Juma'a ina raɓe-raɓe da jakata, ya kai ni ɗakinsa a Hyattsville, na yi wata huɗu ina kwana a kan doguwar kujerarsa kafin in samu wurin kaina. Tasi yake ja, yawanci jigilar filin jirgin Dulles. Amma kafin ya zo Amurka direban hamada ne, irin masu manyan motocin nan da ke kwana da kwanaki a cikin yashi kafin su isa Bilma. Ina kiransa Yaya, shi kuma yana kirana Injiniya tun ban iya haɗa waya biyu ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ba ni da wa namiji, saboda haka yadda mutumin nan yake kallona ya fi mini komai a ƙasar nan. In ya nuna ni a cikin mutane ya ce “ƙanena ne”, sai in wuni ina jin daɗi.

Asalin tafiyar daga wani fasinja ne. Wata rana abokin nawa ya ɗauko wani Bature ɗan Ostiraliya daga filin jirgi, hira ta yi hira, mutumin ya nuna masa hotunan tsakiyar ƙasarsu a waya: jar ƙasa, fili fetal, hanya ɗaya miƙe kamar an ja zare. Abokina ya dawo gida yana ta zumuɗi kamar wanda aka yi wa albishir.

“Injiniya, shekara goma sha ɗaya ke nan ban ga inda sama ta taɓa ƙasa ba,” in ji shi. “Nan ko'ina ka waiga icce, ko'ina ka waiga gini. Ido na so ya miƙe ƙafa.”

Hanyoyin hamadar gida a lokacin ba sa biyuwa saboda rashin tsaro, ko ya je ganin gida a cikin gari yake ƙarewa. Ni kuma na gama digiri na biyu, na samu aiki a Sterling a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan da ake tara na'urori, kuma akwai sati biyar kafin in fara. Na bincika na ga in ka ratsa busasshiyar ƙasar ka yi arewa, akwai daji kore shar da wuraren da ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, ana ma iyo a ƙasansu. Shi yana son fili, ni ina son ruwa. Muka daidaita, muka tashi sai Ostiraliya.

A can muka yi hayar irin motar nan ta 'yan yawon duniya, mai gado a baya da ɗan murhun gas da akwatin sanyi. An yi mata fenti kore, an zana wani ƙaton ƙadangare tun daga ƙofa har wutsiya. Abokina ya zagaya ta sau biyu ya ce in mutanen Agadas suka gan shi a cikinta ya gama yawo. Masu hayar suka ja mana kunne a kan abu ɗaya: kada mu yi tuƙi bayan faɗuwar rana, saboda kangaru da shanu suna hawa titi.

Kowa da aikinsa. Ni ne mai tsari. Na buga jadawalin tafiyar a takarda, kowace rana da inda za mu kwana da ƙarfe nawa za mu isa, har da launi na saka, don karatu ya bi jikina. Shi kuma ya sayi jarkoki shida, waɗanda yake kira bidon, ya cika su da ruwa ya jera ƙarƙashin gado. Na ce Yaya ai ba rijiya za mu buɗe ba. Bai kula ni ba. Kullum da safe sai ya zagaya motar yana bubbuga taya, ya leƙa inji, sannan ya dafa shayinsa mai ɗacin nan a 'yan kofunan gilashi. Duk motar da muka yi karo da ita sai ya ɗaga mata hannu, in kuwa a tsaye take sai ya rage gudu ya leƙa ya tambaya ko lafiya. Sau biyu yana tsayawa wurin mutanen da hoto kawai suke ɗauka, ni kuma ina duba agogo ina tsaki a ciki.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ƙudaje sun yi mana rubdugu, sabis ɗin waya ya ɗauke tun rana ta biyu, amma na ga mutumin nan ya koma yaro. Yana tuƙi yana waƙa. Mun wuce suri masu tsawon da suka fi mutum, ya tsaya ya gwada tsayinsa da ɗaya.

A rana ta bakwai muka bar kwalta muka hau wata jar hanya, wadda na zaɓa da kaina don ta rage mana nisa. Shi ya yi tuƙi tun bayan asuba. Da muka yi azahar ya miƙo mini makulli, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da rawaninsa, nan da nan ya fara minshari. A jadawalina ranar ce za mu kwana kusa da mazubar ruwa ta farko, kuma lissafina ya nuna in ba mu tsaya ko'ina ba sai shan mai, za mu isa daidai kafin rana ta faɗi. Tun safe ba mu ga mota ko ɗaya ba.

Na yi kamar rabin awa ina tafiya sai na hango wata farar a-kori-kura a gefen hanya, an ɗage murfin injinta. Wani dattijo baƙi, daga cikin 'yan asalin ƙasar, ya fito tsakiyar hanya da farar hular kaboyi, ya ɗaga wata jarka sama yana kaɗa ta. Daga yadda take rawa a hannunsa ka san ba komai a ciki. A ɗan inuwar motar na ga kamar mutum a zaune, an jingina da taya.

Na ɗaga ƙafa daga totur. Sai kuma maganar da aka raine ni da ita ta faɗo mini. Mu a gidanmu doka ce, in kana kan hanyar daji ba ka tsayawa don wani ya ɗaga maka hannu. Kawuna ya taɓa tsayawa wata mata mai goyo a hanyar Birnin Gwari, kafin ya buɗe ƙofa mutane suka fito daga cikin ciyawa, a ƙafa ya ƙarasa gari ba takalmi. Tun daga nan duk wanda zai yi tafiya a danginmu sai an bi shi da “kada ka tsaya wa kowa”. Na dubi abokina, yana barci. Na dubi agogo. Na kauce wa dattijon, na taka mota. A madubi na ga ƙurarmu ta rufe shi, jarkar tana sama har lokacin.

Bayan awa ɗaya da rabi muka isa wani gidan mai guda ɗaya tilo a tsakiyar daji, da ɗan kanti a jikinsa. Abokina ya farka ya yi miƙa, ya fito da murhu zai ɗora shayi kafin in gama zuba mai. Ni da bakina na ba shi labarin, har da ɗan alfahari, irin na wanda ya tsallake tarko.

“Yaya, kana barci na ga wasu 'yan dabara a hanya. Wai mota ta lalace. Ban ko saurare su ba.”

Ya ajiye butar a hankali. “Mota ta yi pan? Ina?”

Na ce can baya.

“Mutum nawa?”

“Biyu nake jin.”

“Da ruwa gare su?”

Na ce ai jarkar ma da ya ɗaga ba komai a ciki, dabarar ke nan.

“Bayanmu wata mota ta biyo?”

Na ce ban gani ba. Ya kashe murhun, ya zubar da ruwan shayin da bai ko tafasa ba, ya miƙo hannu. “Ba ni makulli.”

Na fara kawo dalilai. Na ce in muka koma rana za ta faɗi muna hanya, masu mota sun hana. Na ce mu gaya wa mai gidan man ya kira hukuma. Ya shiga da kansa ya gaya wa matar da ke kantin, ta ce za ta yi waya amma kafin wani ya taso daga inda suke sai dare. Ya sayi gishiri da sukari da ƙanƙara, ya fito ya ce da ni, “Ko ka zauna nan ka jira ni, ko ka shigo.” Na shiga. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi gudu da mota irin na ranar ba.

Suna nan inda na bar su. Dattijon ya daina tsayawa a hanya, yana durƙushe yana yi wa matarsa fifita da hularsa. Ita ce na hango a jingine da taya, yanzu tana kwance, leɓɓanta sun tsage, idonta a lumshe, in an yi mata magana sai dai ta motsa yatsa. Ashe tun hantsi injinsu ya yi zafi, suka juye ruwan shansu a lagireto suna fatan zai kai su gida, bai kai su ba.

Na ɗauko babbar gora zan miƙa wa mijin, abokina ya riƙe hannuna. Ya ce in ta kwankwaɗa yanzu duk za ta amayar. Ya kwance rawaninsa ya jiƙa shi sharkaf, ya lulluɓe ta da shi daga wuya zuwa ƙafa, ya sa ƙanƙara a hammatarta. Sannan ya dama gishiri kaɗan da sukari a ruwa, ya zuba a ɗan kofin shayinsa, ya tallafi kanta yana ɗiga mata a baki, ya jira, ya ƙara. Yana yi yana mata magana da Hausa ƙasa-ƙasa, “Sannu Inna, kaɗan-kaɗan, sannu,” ita ba ta ji, shi bai damu ba. Ni aikina riƙe bargo a sama don in tare musu rana. Ya fi rabin awa a haka kafin ta buɗe ido ta kama kofin da hannunta.

Muka ɗauke ta muka kwantar a gadon motarmu. Mijin ya ce akwai ƙaramin asibiti a ƙauyensu, ta wata 'yar hanya da ba ta cikin taswirata. Zai shiga mota ke nan sai ya tsaya ya dubi ƙadangaren nan da aka zana a jiki. Ya dube ni. Ya ce da Turanci, ba tare da ɗaga murya ba, “Na san motar nan. Tun safe ita kaɗai ta bi ta nan.” Ya shiga ya zauna kusa da matarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun isa ana gab da magariba. Ma'aikaciyar jinyar ta sa mata ƙarin ruwa, ta ce za ta warke, ta kuma ce duk wanda ya yi dabarar jiƙa ta ya san aikinsa. A harabar asibitin muka kwana.

Da safe abokina ya dafa shayi ya miƙo mini kamar kullum. Nan ne wurin da ya kamata in ce Yaya na yi kuskure. Kalma huɗu. Maimakon haka sai na buɗe baki na kawo labarin kawuna da matar mai goyo, na yi masa bayanin yadda 'yan fashi suke yi a hanyoyinmu, kamar wanda yake kare takardar digiri. Ya saurare ni har na gama.

“Na ji,” in ji shi. “Can hanyarku ce, kowane ɗan taƙi da gari, wanda ka wuce wani zai tsaya mashi. Nan ka ga gari? Ɓarawon da zai zauna cikin rana tun hantsi yana jiran mota guda, ai shi ma abin tausai ne.” Ya kurɓi shayi. “Mu a hamada ko maƙiyinka ka iske ya yi pan, ka tsaya. Ku yi faɗanku in kun isa gari. Ni nan da hannuna na taɓa gina kabari da murfin tukunya, na mutum uku, a gefen wani kamiyon, babbar motar kaya, da ya mutu. Ga sawun tayar motar da ta wuce su a kan yashi, ko iska ba ta share shi ba.”

Ya ajiye kofinsa.

“Tsoro ba laifi ba ne, Injiniya. Abu guda nike son in sani. Ina kwance kusa da kai. Mi ya hana ka tashe ni?”

Na ce na ga ya gaji ne, ban so in katse masa barci ba. Ya dube ni ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya tashi ya hau wanke kofuna. Ƙarya na yi, kuma ya san ƙarya ce. Ban tashe shi ba ne don na san zai tsaya, in ya tsaya kuma jadawalina ya rushe, ba za mu kwana a bakin ruwa ba. Tsoron kawuna yana ciki, amma bai kai rabi ba.

Bayan kwana biyu muka isa wurin ruwan da na ƙwallafa rai a kai. Ya fi yadda yake a hoto. Ruwa na sulalowa daga kan jan dutse mai tsawon bene, ya faɗa wani tafki garai-garai da kana ganin tsakuwar ƙasansa, ga itatuwa irin na dabino sun kewaye shi, ga allo a can gefe mai gargaɗi cewa akwai kada a ruwan yankin. Turawa matasa suna ta tsalle suna ihu. Na shiga na yi iyo, amma duk sanda ruwan ya taɓa leɓena sai in tuna leɓɓan matar nan. Abokina ya yi alwala a bakin tafkin, ya yi sallah a kan wani falalen dutse, ya ɗauke ni hotuna da na roƙe shi, har da dariyarsa. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Sai dai daga ranar da na wuce dattijon nan har muka mayar da motar, kwana goma sha ɗaya, bai sake ba ni makulli ba. In na ce Yaya kawo in karɓe ka, sai ya ce bai gaji ba. Ina ganin idonsa ya yi ja, yana tauna goro don kada barci ya ɗauke shi, amma bai gaji ba.

Muka dawo, na fara aiki, na koma Sterling da zama. Zumunci bai yanke ba. Ya zo ɗaurin aurena, shi ya yi ta jigilar baƙi kyauta. Na ɗauka maganar ta wuce, har na fara ba da labarin tafiyar a wurin hira ina tsallake rana ta bakwai.

Bayan kamar shekara biyu, wata Juma'a cikin hunturu, na ji wasu direbobi a bakin masallaci suna yi masa jaje. Ashe ranar Talata motarsa ta mutu masa a babbar hanyar filin jirgi da rana tsaka, ana zuba dusar ƙanƙara, masu jan mota duk sun yi masa nisa. Ya yi awa uku a cikin sanyi ba abin ɗumama mota. Ya kira mutum uku, na ukun ne ya taso tun daga Hyattsville, tafiyar fiye da awa ɗaya a irin wannan yanayi. Ofishina kuwa daga inda ya tsaya bai fi minti goma ba, kuma ya sani, don ya sha sauke ni a ƙofar.

Na ja shi gefe. Na ce, “Haba Yaya, ina nan kusa da kai, me ya sa ba ka kira ni ba? Ko har yanzu fushi kake da ni?”

Ya yi mamakin tambayar, mamaki na gaskiya, don na san fuskarsa. “Fushin mi? Wallahi babu komi a raina, Injiniya.” Ya ɗan yi tunani, kamar shi ma yana neman amsar. “Ina zaune cikin mota ina tuna wa zai zo, wa zai zo. Kai dai ba ka faɗo mani a rai ba.”

Ya dafa kafaɗata, ya tambayi lafiyar iyali, ya tafi wurin motarsa. Na daɗe a tsaye a wurin da takalmina a hannu.

Da fushi yake yi da ya fi mini sauƙi, don mai fushi ana ba shi haƙuri. Wannan kuwa ban san ta inda ake gyara shi ba. Yanzu ni ne mutumin da ke tsayawa kowa a hanya, but ɗin motata cike da galan-galan na ruwa da wayar tayar da batir, har matata tana cewa in mun fita unguwa sai ta ƙara awa ɗaya a lissafi saboda 'yan uwana masu lalatacciyar mota. Wasu ma in na tsaya tsorona suke ji, su ɗaga gilashi. Ina yi ne dai, amma na san wanda nake so ya gani ba ya wurin.

Ya koma Agadas da zama shekaru kaɗan bayan haka, gwiwa ta hana shi dogon tuƙi. Muna gaisawa duk sallah, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya tsokane ni a kan sanƙo. Sau da yawa ina shirya maganar kafin in kira, in ce Yaya ranar nan ba don barcinka na ƙi tashinka ba, don takardar jadawalina ne. Sai mu gaisa, mu yi dariya, ya ce a gaida mutanen Amurka, in ce za su ji, in ajiye waya ban faɗa ba.